Sasanta Mai da Ruwa: Fashin Baƙi Kan Man Tsirrai a Gaurin Nano

Wanda aka taɓa sa wa barci domin tiyata, mai yiwuwa abu na ƙarshe da idonsa ya gani shi ne sirinji cike da wani farin ruwa kamar madara. Sunan maganin furofofol. Farin nan ba launin maganin ba ne. Man waken suya ne aka farfasa ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana ainun, aka watsa shi cikin ruwa. Kashi 10 cikin 100 na abin da ke cikin sirinjin man suya ne, kashi 1.2 lesitin ne, wani sinadari mai haɗa mai da ruwa da aka ciro daga gwaiduwar ƙwai, kashi 2.25 gilisarin, maganin kansa kashi 1 kacal, ragowar kuma ruwa.

John Glen, likitan dabbobi ɗan Sikotilan da ke aiki a kamfanin ICI a Ingila, shi ya gano amfanin wannan magani a shekarun 1970. Matsalarsa ɗaya ce: furofofol ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne. Da farko an narkar da shi cikin wani sinadari mai suna Cremophor EL, amma sai wasu majinyata suka riƙa samun mummunan borin jini, dole aka dakatar. Sai a 1986 maganin ya fito kasuwa da sunan Diprivan, a cikin madarar man suya. Maganin da ke cikin kwalba bai sauya ba. Abin da ya ɗauko shi ne ya sauya, kuma wannan sauyin ne ya mayar da shi ɗaya daga cikin magungunan sa barci da aka fi amfani da su a duniya.

Irin wannan gauri na mai da ruwa shi masana ke kira imalshan, madarar dabba ma imalshan ce. Idan ɗigon man ya ƙanƙance har ya sauko tsakanin nanomita 20 zuwa 200, wasu su ce har 500, sai a kira shi nano-imalshan, ko gaurin nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashin kai kaurinsa yakan kama daga nanomita 50,000 zuwa 100,000, wato sai an jera ɗigo 500 zuwa 1,000 masu faɗin nanomita 100 kafin su ƙetare silin gashi guda.

Me ƙanƙanta ke kawowa?

Abu na farko da ido ke gani shi ne mai ya daina tasowa sama. A kaɗa mai da ruwa a kwalba a ajiye, nan da ɗan lokaci kowa ya koma mazauninsa. Saurin tasowar ɗigon mai ya dogara da girmansa, kuma ba ɗaya-bisa-ɗaya ba: idan aka rage faɗin ɗigo sau 10, saurin tasowarsa yakan ragu sau 100. Da an iso girman nano, tunkuɗar da ƙwayoyin ruwa ke yi wa ɗigon ta kowane gefe, wadda ake kira motsin Brown, takan rinjayi ƙarfin da ke tura shi sama, sai ya yi ta yawo a tsakiyar ruwa. Idan ɗigon ya gaza nanomita 100, ya yi wa hasken da ido ke gani ƙanƙanta, domin tsawon zangon hasken yana tsakanin nanomita 400 da 700. Shi ya sa wasu ruwan shafa ke fitowa garau ko da ɗan shuɗi-shuɗi, alhali da mai a cikinsu.

Sai kuma faɗin fuska, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Mililita ɗaya na mai, in aka farfasa shi zuwa ɗigo masu faɗin nanomita 100, jimillar bayan ɗigon nan takan kai murabba'in mita 60. Mililita ɗaya fa, abin da bai kai rubu'in ƙaramin cokali ba. Ta wannan fuskar ne magani ke fita daga mai ya shiga jiki, ta nan sinadaran narkar da abinci ke kama man, ta nan kuma iska ke shiga ta lalata shi. Alherin da sharrin ƙofa ɗaya suke bi.

Mai da ruwa dai zaman doya da manja suke yi, ba sa zama tare sai da mai shiga tsakani. Wannan mai sulhun shi ne safaktan, sinadarin da kansa ke son ruwa, jelarsa ke son mai, kamar dai sabulu. Yakan lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi manne wa ɗan'uwansa. A 1949 William Griffin ya fito da wani ma'auni daga 0 zuwa 20 da ke nuna ɓangaren da kowane safaktan ya fi karkata, kuma har yau da shi ake aiki. Misali, a cikin safaktan da aka saba amfani da su, Span 80 yana kan 4.3, ya fi son mai. Tween 80 yana kan 15, ya fi son ruwa. Kowane mai da lambar da yake buƙata, shi ya sa haɗin da ya yi wa man zaitun daidai ba lallai ya yi wa man zurma ba. Tun da kuma fuskar da za a lulluɓe ta yi faɗi haka, gaurin nano yakan ci safaktan fiye da gaurin da aka saba. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin sau da yawa safaktan ɗin ne ke sa ƙaiƙayi ko zafi, ba man ba.

Farfasa man kuwa hanya biyu ce. Ko a yi da ƙarfin tsiya, ko a yi da dabara. Ta ƙarfi ita ce a matsa gaurin ta wata 'yar kafa da matsi mai ninka na iskar da muke shaƙa sau ɗaruruwa, wani lokaci fiye da sau 1,000, a maimaita sau da dama. Asalin na'urar ta Auguste Gaulin ce, Bafaranshen da ya yi mata rajista a 1899 domin hana madara tara mai a sama. Ana kuma amfani da sautin da ya fi ƙarfin kunne, amma wannan ya fi dacewa da ɗakin gwaje-gwaje, ba masana'anta ba. Ta dabara kuwa, ana sauya zafi ko yawan ruwa a hankali har gaurin ya juye da kansa, ko a narkar da mai cikin sinadarin da ke shiga ruwa sannan a zuba. Wanda ya taɓa ɗiga Dettol a ruwa ya ga ya yi fari nan take, ya ga ɗan'uwan wannan dabara da idonsa.

Ko ta wace hanya aka bi, sulhun na wani lokaci ne. Gaurin nano kullum yana kan hanyar rabuwa, jinkirta shi kawai ake yi, na watanni ko na shekaru. Wannan ne ya bambanta shi da wani gaurin da ake kira maikuro-imalshan, wanda ke haɗuwa da kansa ya zauna daram muddin zafi da haɗin ba su sauya ba. Sunayen kansu suna rikita mutane, domin sau tari ɗigon na maikuro ya fi na nano ƙanƙanta.

Man ba ɗan dako kawai ba ne

Ana yawan maganar man kamar ɗan dako ne da zai kai kaya ya juya. Tarihin abin bai nuna haka ba. Ƙoƙarin farko na ciyar da majinyata mai ta jijiya a Amurka an yi shi da man angurya, ya riƙa jawo zazzaɓi da wasu illoli har aka janye shi a shekarun 1960. Arvid Wretlind, masani ɗan Suwidin, shi ya dace da haɗin man suya da lesitin na ƙwai, aka amince da shi a ƙasarsa a 1962 da sunan Intralipid. Jarirai bakwaini da mutanen da hanjinsu ya kasa aiki, da yawansu wannan madarar ce ta riƙe su.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Man suya yana da yawan linolik asid, fiye da rabinsa, yana kuma ɗauke da wasu sinadaran tsirrai da ake kira faitosterol. An lura cewa jariran da suka daɗe a kansa sukan gamu da ciwon hanta, kuma ana ɗora wani kaso na laifin a kan waɗannan sinadarai. Daga nan aka shiga gauraya mayuka. Akwai haɗin da kashi 80 man zaitun ne, kashi 20 man suya. Akwai SMOFlipid mai kashi 30 na suya, 30 na mai mai matsakaicin sarƙa, wato wanda ƙwayoyin kitsensa ba su kai na suya tsawo ba, da ake samu daga kwakwa da alayyadi, 25 na zaitun, 15 na man kifi. Jiki yana cin ɗan dakon nan, kuma abin da ya ci yana da tasiri.

Ta jijiya ba a wasa da girman ɗigo. Ƙananan hanyoyin jini na huhu faɗinsu 'yan maikuromita ne (maikuromita ɗaya nanomita 1,000 ne), babban ɗigon mai yana iya toshe su. Don haka kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka ya gindaya cewa matsakaicin ɗigo kada ya wuce nanomita 500, kuma ɗigon da ya haura maikuromita 5 kada ya wuce kashi 0.05 cikin 100 na dukkan man. Akwai wani haɗarin kuma: madarar mai abinci ce ga bakteriya, shi ya sa kwalbar furofofol da aka huda sai a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i ko a zubar.

Wani abin da ke burge ni a tarihin nan shi ne yadda ɗan dakon ya zama magani a kan kansa. A 1998 Guy Weinberg, likita a Shikago, ya nuna a jikin ɓeraye cewa madarar man suya tana kare zuciya daga gubar bufibaken, maganin kashe zafi da kan tsayar da zuciya idan ya shiga jini da yawa. A 2006 aka ba da rahoton ceto mutum na farko da wannan hanya. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne ɗigon man yana tsotse maganin daga zuciya ya yi gaba da shi.

Ta baki ma nau'in man yana yanke hukunci. Ƙiyasin da masu harhaɗa magunguna suka saba ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na magungunan da ke kasuwa ba sa narkewa sosai a ruwa, a cikin sababbin da ake bincike kuwa sun fi haka. Idan aka narkar da irin wannan magani a mai mai doguwar sarƙa kamar na masara ko zaitun, wani kasonsa yakan bi ta magudanar limf, wasu hanyoyin ruwan jiki da ke kwasar kitse daga hanji, ya shiga jini ba tare da ya fara biyawa ta hanta ba, inda da an rage masa ƙarfi. Mai matsakaicin sarƙa kuwa ya fi bin jijiyar da ke zarcewa hanta. Magani ɗaya, girman ɗigo ɗaya, amma hanya ta rabu saboda man.

A ido, hawaye kan wanke maganin ɗigawa cikin mintuna, abin da ke shiga bai cika kai kashi 5 cikin 100 ba. Saikulosforin, maganin bushewar ido mai tsanani, ya fi narkewa a man zurma, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa risinolik asid ne. A kan wannan aka gina Restasis, da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2002. A 2015 Tarayyar Turai ta amince da Ikervis, inda aka ba ɗigon man cajin lantarki mai jawuwa zuwa fuskar ido domin ya daɗe kafin hawaye su tafi da shi.

Inda gizo ke saƙa

Kusan duk misalan nan na mayukan da ake matsowa daga iri ko 'ya'yan itace ne, waɗanda ba su da wani ƙamshi na a zo a gani. Akwai wani dangin daban: mayukan ƙamshi da ake turarowa daga kanumfari, kirfa, na'a-na'a, ɓawon lemo da makamantansu. Suna ɗaya suke amsawa, amma a sinadarance ba su haɗa komai ba. Su ba kitse ba ne, ƙananan sinadarai ne masu tashi a iska, kuma su da kansu suna da ƙarfi. Yujinol, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin man kanumfari, likitocin haƙori sun daɗe suna aiki da shi.

A kan waɗannan ne rubuce-rubucen bincike suka fi yawa, kuma a kansu ne gaurin ya fi saurin lalacewa. Dalilin wani abu ne da ke ɗauke da sunan Wilhelm Ostwald, masanin kimiyya Bajamushe. Matsin da ke cikin ƙaramin ɗigo ya fi na babba, don haka idan man yana ɗan narkewa a ruwa, ko yaya ne, sai ya riƙa sulalewa daga ƙanana yana komawa manya. Babba ya yi ta ƙiba, ƙarami ya yi ta ramewa har ya ɓace, ba tare da sun ko taɓa juna ba. Man suya da na zaitun kusan ba sa narkewa a ruwa sam, shi ya sa suka tsira. Mayukan ƙamshi kuwa suna ɗan narkewa, sai ka ga gaurin da ya fito garau yau ya yi duhu ya rabu nan da 'yan kwanaki, wani ma 'yan sa'o'i.

Maganin abin shi ne a zuba wani mai mai nauyi kamar na masara a cikin ɗigon domin ya riƙe na ƙamshin. Yana aiki. Sai dai gaba kura baya siyaki: man da ya hana sinadarin sulalewa zuwa wani ɗigon, shi ne kuma ke rage fitarsa zuwa ga bakteriyar da ake so ya kashe. An nuna hakan a gwaji da man ganyen tayim, inda ƙara mai mai nauyi ya daidaita gaurin amma ya rage masa kaifi.

A nan nake so mai karatu ya yi hattara. Kashe bakteriya a cikin faranti a ɗakin gwaje-gwaje abu ne mai sauƙi, sabulu ma yana yi, wani lokaci ma safaktan ɗin da ke cikin gaurin ne ya yi aikin. Tsakanin faranti da jikin mutum akwai tafiya mai nisa. Ga kuma matsalar da ba ta da kyan faɗi: man kanumfarin bana ba lallai ya zama daidai da na bara ba, domin ƙasa, damina, lokacin girbi da yadda aka turara duk suna sauya sinadaransa, hukumar magani kuwa tana son kwalba ta dubu ta zama daidai da ta farko. Ban raina wannan bincike ba, akwai abin fata a cikinsa, musamman wajen ciwukan fata da na baki inda maganin ke taɓa wurin kai tsaye. Amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sakamakon da ba a ce ga girman ɗigo bayan wata shida ba, ba a kuma gwada gaurin da babu man ƙamshin a ciki domin kwatantawa ba, bai gama amsa tambaya ba.

A kan fata

A kayan shafa, ribar da babu gardama a kanta ita ce ta taɓawa: gaurin nano ba ya danƙo, yana bajewa da sauƙi, yana barin wani siririn lulluɓin mai da ke rage fitar ruwa daga fata, yana kuma iya ɗaukar bitamin A da E da ire-irensu da ba sa shiga ruwa. Inda talla ke zarce gona da iri shi ne cewa ɗigon yana ratsa fata ya nutse can ciki. Saman fata, wanda kaurinsa bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba a mafi yawan jiki, an gina shi kamar katangar bulo, matattun ƙwayoyin halitta ne tubalan, kitse ne simintin. Ramukan da ke tsakani sun yi wa ɗigo mai nanomita 100 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ya bushe, ɗigon ya fashe a sama ko ya taru a ramin gashi, man da safaktan su sassauta simintin, sannan sinadarin ya shiga shi kaɗai. Shi ma sai in ƙarami ne, domin abin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 500, wato ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari, da wuya ya wuce lafiyayyar fata.

Sassauta simintin nan kuwa ba kowa yake yi wa daɗi ba. Olik asid, wanda ya kai kashi 55 zuwa 83 cikin 100 na man zaitun, sananne ne wajen buɗe katangar fata. A wani bincike da aka wallafa a 2013 daga Jami'ar Shefil ta Ingila, manya 19 sun shafa mai a hannu na 'yan makonni. Man zaitun ya raunana katangar har da ɗan ja, man sanfulawa mai yawan linolik asid bai yi haka ba, ya ma ƙara wa fatar laima. Mutanen kaɗan ne, amma darasin a bayyane yake. Idan ana son tura magani cikin fata, man da ke buɗe katanga abokin aiki ne. Idan kuwa fatar jariri ce ko ta mai fama da ƙyasbi da bushewa, wannan buɗewar ita ce ake gudu, kuma ƙanƙanta ɗigon ba zai sauya halin man ba.

Mayukan ƙamshi su ma suna da nasu. Limonin na ɓawon lemo da linalul na labanda, in suka sha iska sukan rikiɗe zuwa sinadaran da ke jawo alaji. Mu tuna murabba'in mita 60 ɗin nan: duk wannan fili a buɗe yake ga iska. Shi ya sa mai haɗin da ya san aikinsa yakan ƙara bitamin E, ya kore iska daga kwalba da naitirojin, ya zaɓi mazubin da haske ba ya ratsawa. Man bagamot kuma, idan ba a cire masa wasu sinadarai ba, yakan ƙona fata in ta shiga rana. Fitowa daga tsiro ba takardar shaidar lafiya ba ce.

Doka ma ta bambance. Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai mai lamba 1223 ta 2009 ta wajabta rubuta kalmar nano kusa da sunan sinadari, amma ta taƙaita hakan ga abin da ba ya narkewa ko yake daɗewa a jiki, mai girman nanomita 1 zuwa 100. Ɗigon mai da ke fashewa ya narke galibi ba ya shiga wannan ma'ana. Wannan yana da tushe a kimiyya, domin ɗigon man kaɗe ko na jojoba ba daidai yake da ƙwayar ƙarfe mai tauri ba. Amma yana nufin kalmar nano a gaban kwalba sau da yawa ta mai talla ce, kuma ita kaɗai ba ta faɗa maka wane mai ne a ciki, nawa ne safaktan, ko gaurin zai kai ƙarshen wa'adinsa bai rabu ba.

Akwai wani fage da nake ganin man tsirrai yana da aiki na gaske a gabansa. Wasu alluran rigakafin mura suna ɗauke da gaurin nano mai suna MF59, wanda aka fara amincewa da shi a Italiya a 1997, ɗigonsa kimanin nanomita 160, aikinsa ƙara zaburar da garkuwar jiki, musamman ta tsofaffi. Man da ke cikinsa sukwalin ne, kuma daga hantar kifin shak ake samo shi. Sukwalin ɗin nan yana cikin man zaitun, yana cikin irin alayyafo, ana kuma iya sa yis ya samar da shi daga sukarin rake. Kamfanonin kayan shafa da dama sun riga sun koma na tsirrai. Na allura ne ya fi wuya, domin abin da za a tsira wa lafiyayyen mutum sai an tace shi fiye da na shafawa, sannan a sake tabbatar da cewa yana zaburar da garkuwa daidai da wanda ya gada, kwalba bayan kwalba.